Kiɗan nishaɗi marar waƙa yana taimakon mai rubuta labari?

Tambaya: Ina rubuta gajerun labarai. Na lura duk lokacin da na kunna kiɗa mai armashi, irin wanda babu muryar mawaƙi a ciki, sai labarai su yi ta zubo mini a ka. Amma da zarar na zauna rubutawa kiɗan yana tashi, sai jimlolin su fito a hargitse, labarin kuma ya zama wasa-wasa, babu nauyi. Taimakona kiɗan nan yake yi, ko ruɗin kaina nake yi?

Amsa: 'Yar'uwa, ba ruɗin kanki kike yi ba. Duka abubuwa biyun da kika lura da su haka suke, kuma ba su ci karo da juna ba. Rubuta labari aiki ne kashi biyu, kowanne da irin abin da yake nema daga ƙwaƙwalwa. Akwai samo abin faɗa: wane ne tauraron, me yake so, wa zai tare masa hanya. Akwai kuma zaman zaɓen kalma, a ɗora wannan a kan waccan har jimla ta tsaya da ƙafarta. Kiɗan nishaɗi yana buɗa wa na farko ƙofa, amma a wajen na biyu kishiya yake zama, domin shi da jimlarki kunne ɗaya suke nema.

Bari in fara da abin da aka gwada. A shekarar 2017 Simone Ritter ta Jami'ar Radboud da ke Holan, tare da Sam Ferguson daga Ostireliya, suka wallafa sakamakon gwajin da suka yi wa mutum 155. Gida biyar suka raba su. Gida huɗu aka kunna musu kiɗa marar waƙa, kowane gida da irin nasa: mai sanyaya rai, mai sa annashuwa, mai sa baƙin ciki, da mai tayar da hankali. Gida na biyar shiru suka zauna. Sai aka ba su irin aikin da ba shi da amsa ɗaya, wato a ɗauki abu na yau da kullum kamar bulo, a lissafo duk amfanin da za a iya yi da shi. Waɗanda suka ji kiɗan annashuwa, kashin bazara na kiɗan da makaɗin Italiya Vivaldi ya tsara a kan lokutan shekara huɗu, sun fi na gidan shiru zuwa da dabaru. Da aka koma tambayoyin da amsarsu ɗaya ce tak, kiɗan bai ƙara wa kowa komai ba.

Bayan shekara biyu, Emma Threadgold da abokan aikinta a Ingila da Suwidin suka fito da wani sakamako da aka yi ta yayatawa wai ya ƙaryata wancan. Su aikin kalmomi suka bayar: ga kalmomi uku, a nemo guda ɗaya da za ta zauna da kowacce. In zan kwatanta miki da Hausa, kamar a ba ki sama, ido, sanyi, amsar ita ce ruwa. Suka gwada da waƙar harshen da mai saurare bai sani ba, da kiɗa zalla, da waƙar da ya sani. Duka ukun sun rage ƙoƙarin mutane idan aka auna da zaman shiru, har da kiɗan da babu ko kalma ɗaya a cikinsa. A ganina sakamakon biyu ba faɗa suke yi ba, kowanne gefe ɗaya na aikinki ya auna. Lissafo amfanin bulo shi ne lokacin da kike cewa "in ya zama uwar ce ta ɓoye wasiƙar fa? In ƙanen ne fa?" Nemo kalma ta huɗu kuwa shi ne lokacin da kike tsaye a tsakiyar jimla kina neman kalmar nan ɗaya da babu wadda za ta maye gurbinta. Gwaje-gwaje ne na 'yan mintoci a ɗakin bincike, ba rubutun littafi ba, amma sun yi daidai da abin da kika gani a teburinki.

Dalilin da ya sa kiɗa ke hargitsa jimla ba ɓoyayye ba ne. Mai rubutu yana faɗin jimlarsa a zuci kafin hannu ya rubuta ta, yana riƙe farkonta na 'yan daƙiƙu har ya samo ƙarshenta. Alan Baddeley da Graham Hitch sun bayyana wannan ɗan ma'aji na wucin gadi tun 1974, kuma ɓangarensa da ke riƙe magana da sauti yake aiki, ko da baki bai motsa ba. Duk sautin da ya shigo daga waje sai ya bi ta nan, kina so ko ba kya so. Ido ana rufe shi, kunne ba shi da murfi. A 1989 Baddeley da Pierre Salamé suka nuna cewa kiɗa mai murya ya fi kiɗa zalla ɓata wannan riƙo, don haka kin yi daidai da kika guje wa waƙa. Sai dai akwai sauran rina a kaba. A 1993 Dylan Jones da William Macken suka nuna cewa ko sautin da ba magana ba ne yana ɓata riƙon, muddin yana canzawa daga wannan amo zuwa wancan, alhali sauti ɗaya da ake ta maimaitawa ɓarnarsa kaɗan ce. To ki duba yadda kiɗan nishaɗi yake: gajerun amo ne masu tsalle-tsalle, da sauri, wannan na hawa wancan na sauka. Abin da ya sa yake da daɗi shi ne abin da ya sa yake ture jimlar da kike riƙe da ita. Sarah Ransdell da Lee Gilroy ma sun gwada a kan rubutu kai tsaye a 2001, inda ɗalibai suka rubuta gajerun maƙalu a kwamfuta, aka ga yawan kalmomin da suke samarwa a minti ya ragu idan kiɗa na tashi.

Kada kuma ki ɗauka akwai wani sirri a kiɗan Turawan da. Wannan zance ya samo asali ne daga gwajin Frances Rauscher na 1993 a Kalifoniya, inda ɗalibai 36 suka saurari kiɗan Mozart na minti goma suka ɗan fi ƙoƙari a wani gwajin siffofi, tasirin kuma bai wuce kwata na awa ba. Labari ya yi ta girma a bakin mutane wai irin wannan kiɗa yana ƙara basira, har a 1998 gwamnan jihar Jojiya ta Amurka, Zell Miller, ya nemi a ware kuɗi don a ba kowane jariri faifan kiɗa. A 1999 Kristin Nantais da Glenn Schellenberg a Kanada suka kwance zaren: suka kunna wa mutane Mozart a wani zama, a wani zaman suka kunna musu karatun gajeren labari, sai aka ga kowa ya fi ƙoƙari ne bayan abin da ya fi so. Ashe jin daɗi da wartsakewa ne suke aikin. Saboda haka ko goge ne, ko sarewa, ko gita, ko piyano, wanda ya sa kika ji jikinki ya saki shi ne naki.

Akwai ɗan bayani da zai taimake ki wajen zaɓe. Abubuwa biyu ne manya suke sa kunne ya ji kiɗa a matsayin na farin ciki: saurin bugu, da tsarin hawan amo, wanda a kiɗan Turai ake raba shi zuwa manjo mai haske da maino mai duhu. A 2002 Gabriela Husain da William Thompson da Schellenberg suka ɗauki kiɗa ɗaya suka yi masa siga huɗu, mai sauri da marar sauri, manjo da maino. Sauri kuzari ya taɓa, tsarin amo kuma yanayin zuciya ya taɓa. Amfanin wannan a wurinki shi ne ki san abin da ke damunki kafin ki kunna. In kasala ce ta hana ki fara rubutu, sauri kike nema, kamar bugu 120 a minti ko sama da haka. In kuwa kuzari na nan amma zuciya ce a cunkushe, mai haske marar gaggawa ya ishe ki, kuma shi ya fi barin ki ki yi tunani.

Yanzu ga inda nake so ki fi ba ni hankalinki, domin nan ne marubuta suka fi faɗawa rami. Kin ce labarai suna zubo miki. Na yarda. Amma hoton farko da kiɗa ya kawo miki, da wuya ya zama naki ke kaɗai. A 2022 Elizabeth Margulis ta Jami'ar Princeton da abokan aikinta suka kunna wa mutane gajerun kiɗe-kiɗe marasa waƙa a jihohin Arkansas da Michigan na Amurka, da kuma ƙauyen Dimen a lardin Guizhou na ƙasar Sin, suka ce kowa ya ba da labarin da ya zo masa a rai. Mutanen jihohin biyu, da ba su san juna ba, sai ga labaransu sun yi kama ƙwarai a kan kiɗa ɗaya. Na Dimen ma sun yi kama da na juna, amma sun sha bamban da na Amurkawa. Wani kiɗa na Anton Webern da Amurkawa suka ji a matsayin abin tsoro, mutanen Dimen wasa da walwala suka gani a cikinsa. Wato kowa yana jin kamar daga zurfin zuciyarsa labarin ya fito, alhali daga rumbun da duk masu al'ada ɗaya suke ɗiba ya fito, abin da fina-finai da tallace-tallace suka riga suka cusa mana. Kunna wa marubuta goma sarewa mai sauri da ganga, yawancinsu yara za su gani suna guje-guje a fili, ko masoya sun haɗu bayan rabuwa. Shi ya sa labarinki yake fitowa babu nauyi: kina rubuta abin da kiɗan ya riga ya faɗa, shi kuwa ya fi ki iya faɗinsa.

Maganin abin shi ne ki karɓi hoton farko, ki ajiye shi gefe, ki fara yi wa kiɗan tambayoyi. Daga ina yake fitowa a cikin duniyar labarin? Wa ya kunna shi, kuma me yake so ya rufe da shi? Wa ke jin sa alhali ba ya so? Wannan ta ƙarshe ita ce ta fi haihuwa. Ga misali. Mutum ne a kujerar baya ta motar haya, direba ya saki kiɗa mai tsalle yana kaɗa kai. Shi kuwa fasinjan takardar sallama daga aiki ce a aljihunsa, tun da ya shiga motar yake jera yadda zai gaya wa matarsa. Yana cikin wannan lissafi sai ya lura ƙafarsa tana bin kiɗan ba da saninsa ba, ya danne gwiwar da hannu. Direba ya hango shi ta madubi, ya ɗauka daɗi yake ji, ya ƙara sauti. Kin ga kiɗan bai canza ba, na farin ciki ne har yanzu, amma yanzu akwai labari, domin akwai wanda farin cikin yake yi wa ciwo. Masu nazarin fim sun daɗe da sanin wannan. Michel Chion na Faransa ya yi bayani a kan kiɗan da ke ci gaba da tashi ba ruwansa da abin da ya sami mutanen da ke cikin fim, da yadda wannan halin ko-in-kula yake ƙara wa mai kallo zafin abin. Rubutu ma yana iya yin haka, kuma kiɗan nishaɗi ya fi na baƙin ciki dacewa da shi. In kin rubuta mutuwa kina sauraron kiɗa mai sa kuka, ke ce za ki yi kukan, takardar kuma ta zauna a bushe, domin kiɗan ya yi aikin da ya kamata jimlolinki su yi.

Ba ina cewa dole kowane labari ya koma baƙin ciki ba ne. Rubuta farin ciki na gaske ya fi rubuta baƙin ciki wuya, kuma a nan ma kiɗan yana da abin koyarwa, in kika saurari gininsa kika bar yanayinsa. Ɗauki wancan kiɗan bazara na Vivaldi da aka yi gwaji da shi, wanda aka buga a Amsterdam a 1725 tare da 'yan baitocin da ke bayyana abin da kowane kashi yake nufi. Kashinsa na farko bai kai minti huɗu ba. Yana farawa da wani amshi mai haske, sai kukan tsuntsaye, amshin ya dawo, sai gudun ruwan ƙorama, amshin ya sake dawowa, sai hadari da tsawa a tsakiya. Bayan tsawar amshin ya dawo, amma wannan karon a tsarin maino, da ɗan duhu a jikinsa, kafin tsuntsaye su koma kuka ya dawo da haskensa a ƙarshe. Ko kiɗan da masu bincike suka zaɓa don ya wakilci annashuwa bai yarda ya tafi babu hadari a cikinsa ba. Ga kuma dabarar da za ki ɗauka kai tsaye: abu ɗaya ya riƙa dawowa a labarin, wata magana da uba ke yawan faɗi, ko wani abu da tauraruwa take yi duk safiya, amma duk dawowar da zai yi, abin da ya faru a tsakani ya canza masa launi. Karo na farko dariya zai bayar, na uku ya sa mai karatu ya yi shiru.

Akwai sauran abubuwan gini da kunne zai ɗauko. Yadda abin kiɗa ɗaya ke jefa magana wani ya amsa, shi ne zubin hira mai rai, gajeriyar tambaya, gajeriyar amsa, sannan wani ya kwashe da doguwa. Yadda ake jinkirta shigowar ganga har sai an ƙosa, shi ne yadda ake jinkirta shigowar tauraron da kowa ke ta zancensa. Ɗan shirun da makaɗa ke yi kafin su dawo gaba ɗaya, shi ne gajeren sakin layi kafin babban al'amari. Makaɗin Rasha Prokofiev a 1936 ya tsara wa yara tatsuniyar yaro da kyarkeci inda kowane tauraro yake da abin kiɗansa, tsuntsu sarewa, yaron kuma kayan tsirkiya. Za ki iya ba kowane tauraronki kiɗansa, ki saurara kafin ki rubuta fitowarsa, sai ki ga wannan gajerun jimloli yake yi, wancan kuma ba ya numfashi sai ya kai ƙarshen zance. Marubucin Japan Haruki Murakami, wanda ya yi shekaru yana gudanar da gidan kiɗan jaz a Tokyo kafin ya fara rubutu, ya sha faɗin cewa a wurin kiɗa ya koyi karin jimla.

Ta fuskar tsari kuwa, abin ba shi da wahala. Ki saurara kafin rubutu, minti goma ko sha biyar, da takarda a gefe kina kama abin da ya zo da kalma biyu uku, ba cikakkiyar jimla ba. Idan kika ji jimlar farko ta fara magana a kanki, ki kashe. In shiru yana damunki, kamar yadda yake damun wasu, ki zaɓi kiɗa ɗaya da kika riga kika haddace, ki sa ya yi ta maimaita kansa a hankali. Wanda kunne ya saba da shi ba ya ƙara ba ki mamaki, saboda haka ba ya fizgar hankali kamar sabo, kuma in kika keɓe shi ga labari ɗaya, kwana kaɗan zai zama da kin ji shi kin koma cikin duniyar labarin. Jerin kiɗe-kiɗe da manhaja ke zaɓo miki da kanta shi ne mafi muni, domin kowane sabon kiɗa sai kin tsaya kin yanke masa hukunci. Batun ƙarfin sauti, Ravi Mehta da abokan aikinsa sun gwada da hayaniyar wuri a 2012, suka ga matsakaiciya, wajen desibel 70 a ma'aunin ƙarfin sauti, ta fi ta desibel 50 taimakon ƙirƙira, ta desibel 85 kuma cutarwa take yi. In sai an ɗaga murya kafin ki ji mai yi miki magana, ya yi yawa, ga tunani da kuma kunnen kansa.

Wurare biyu ne ban yarda a kunna komai ba. Na farko rubuta hira tsakanin taurari, domin sai kin ji muryoyinsu sarai. Na biyu tace rubutu. Mai karatunki ba zai ji abin da kika ji ba, baƙaƙen da ke kan takarda kawai za su isa gare shi, kuma sakin layin da ya yi miki armashi ganga na tashi a bayansa yakan zama lami in an cire gangar. Ki bar daftarin ya kwana, washegari ki karanta shi da murya a ɗaki shiru. Duk inda harshenki ya yi tuntuɓe, ko kika ji kina son kunna kiɗan don wurin ya yi daɗi, ki sa masa alama, wurin yana buƙatar a sake rubuta shi.

Mutane kuma sun bambanta. Adrian Furnham da Anna Bradley sun gano a 1997 cewa kiɗan bayan fage ya fi damun masu son kaɗaici fiye da masu son cuɗanya, kuma wanda ya iya kiɗa yakan kasa daina bin abin da makaɗa suke yi. Saboda haka ki gwada kanki. Ki rubuta fitowa ɗaya da kiɗa yana tashi, wata kuma bayan kin saurara kin kashe, ki cire duk alamar da za ta nuna wacce ce wacce, ki ba wani mai karatu da kika yarda da idonsa ya gaya miki wadda ta fi riƙe shi. Ki yi haka a labarai biyu ko uku kafin ki yanke hukunci, domin jin daɗin zaman rubutu da kyawun abin da aka rubuta ba kullum suke tafiya tare ba.